Bayan Kabad, a Ɗakin Awon Jarirai

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara. Allah Ya ƙara miki ƙarfi, Ya raba ki da ciwon bayan nan. Mu ma lafiya lau. Inna ta warware har ta koma yi wa kowa faɗa, kin ga sauƙi ya samu ke nan.

Godiya ce ta sa na ɗauki biro. Kin san halin da ƙanwarmu Auta ke ciki: mijinta ya ƙi zuwa gwajin cutar ƙanjamau, in ta ambaci kwaroron roba kuma ya ce zarginsa take yi, ga jaririya tana shayarwa. Ni kuwa bakina har ya gaji da gaya wa ɗalibaina na ajin manya cewa akwai kariyar da ke hannun mace, ƙwaya ko allura ko zoben da take sawa da kanta. Sun gane sarai, amma ba mai zuwa. Ɗakin da ake bayarwa a asibitinmu yana ƙarshen baranda, da allo a ƙofarsa, ga mai sayar da katin waya zaune daura da shi, idonsa a kan kowa. Auta ma ta kai bakin ƙofar ta juyo.

Ke kika ce in bar ƙarin bayani haka, in roƙi shugabar masu jinya ta mayar da aikin zuwa ɗakin awon jarirai, tunda ba a tambayar mai goyo ina za ta. Da fari ta ce sikelin ma da ƙyar ya samu wuri. Daga baya ta sa aka ja labule a bayan kabad, aka ajiye kujeru biyu.

Makon jiya Auta ta kai 'yarta awo. A bayan kabad aka gwada Auta, ba ta ɗauke da cutar, alhamdu lillahi, ta kuma zaɓi allura. Da ta fito sai ta ce min yunwa take ji. Yaya, na manta rabon da in ji ta faɗi haka. Allah Ya saka miki da alheri.

Saura ɗalibaina marasa goyo. Wata har ta ce za ta ari ɗan maƙwabciya. Mun yi dariya, amma da gaske take. Ki taya ni tunanin ƙofar da su ma za su shiga.

Inna da Kawu suna gaishe ki. Ki gaida maigidan, ki shafa min kan Ɗan Lele.

Taki har kullum,
Ƙanwarki Malama