Bajamushiyar da Ke Kallon Gidanmu

Ɗana Przemek,

Ina gaishe ka da kyau, kai da Danuta da yara. Yaya tarin nan naka? Ni lafiya lau, sai dai gwiwa. Kogin Odra ya ja baya, na kuma gama danna kabejin hunturu da gishiri.

Abu ɗaya ne ya hana ni sukuni. Tun shekaranjiya wata tsohuwa Bajamushiya take zuwa ta tsaya bakin coci, ta ƙura wa gidanmu ido. Maƙwabciyata Jadwiga, sarkin surutu, ta leƙo ta katanga ta kira ni wai, "Bogusia, fara ɗaure kaya, masu gida sun dawo!" Na yi dariya, amma ba abin dariya ba ne. Ka san bayan yaƙin duniya na biyu aka kwaso kakarka daga ƙauyensu can gabas kusa da birnin Wilno, aka sauke ta nan, ta tarar da tukwanen Jamusawan da aka kora a kan murhu. A gidan nan aka haife ni. Idan aka karɓe shi, ina za ni?

Mahaifiyarka,
Bogumiła

Ɗana Przemek,

Da fatan kun tashi lafiya, tarin kuma ya yi sauƙi. Kwantar da hankalinka, kada ka nemi lauya.

Ranar Laraba na fita da tsintsiya a hannu, da niyyar in kore ta. Na same ta sharkaf cikin ruwan sama tana rawar ɗari, sai ga ni na jawo ta ciki ina zuba mata miya. Sunanta Irmgard. Ba ta jin yarenmu, ba na jin nasu, da hannu muka yi ta hira kamar kurame.

Da za mu hau bene, ta tsallake matakalar nan mai ƙara ba tare da ta duba ba. Nan na san gidansu ne. Ta zauna bakin taga tana kallon kogi, ta yi kukanta, na taya ta. Ba gida take nema ba, so take ta gan shi kafin ta mutu. Na raka ta tasha da kwalbar zuma, raina fes.

Kakarka ta rasu ba ta sake ganin nata gidan ba. Da bazara ka zo da motarka ka kai ni Wilno. Ni ma zan tsaya a ƙofar wasu, in ga ko za a ce in shigo.

Ka shafa min kan yara.

Mahaifiyarka mai ƙaunarka,
Bogumiła