Hannun da Na Zana wa Famfon Garinmu

Litinin, 6 Maris 1995

Lakwal, makarantarmu, a rufe, yajin aiki ya shiga mako na biyar. Yau Anas, injiniyan furojen ruwa, ya zo har gidana a Tawa. Ɗan Maraɗi ne, magana kamar ana korarsa. Sun haƙa rijiyar burtsatse a ƙauyenmu, can bayan Tebaram, za su sa mata inji. Akwatin injin yana da maɓalli biyu da jar fitila, rubutun duk Faransanci. Wanda gari ya zaɓa ya kula da shi kuwa Baba Illa ne, tsohon mai jan guga, bai san ko harafi ɗaya ba. Ana so in zana ƙananan hotuna a liƙa: na kunnawa, na kashewa.

Anas ya ce, "Mushe Ciɗo," haka ake kiran malamin lakwal a nan, "idan ruwa ya ja baya fitilar za ta kama. In bai kashe nan take ba, motar famfon da ke cikin rijiya ta ƙone. Tun da aka karya darajar kuɗin sefa ba mu da halin sayen wata."

Inna tana garin. Ita da gwiwar nan tata, rijiyar gargajiya kuma gaba arba'in. Na ce masa aikin kwana biyu ne. Bakina ke nan.

Alhamis, 9 Maris

Kowane hoto kada ya wuce girman kwalin ashana. Shekara goma sha ɗaya ina koyar da zane, yau kwalin ashana ya gagare ni.

Na zana tsuntsu zai tashi, alamar kunnawa. Anas ya ce kul, wata jam'iyya na da tsuntsu. Na zana fitila, ya ce akwai mai ita. Damin gero ma an riga ni. Kai, wannan dimokuraɗiyya! Ba ta bar mana ko kaza ba.

Lahadi, 12 Maris

Na kai zanen kasuwa in gwada. Na nuna wa wata mai kayan miya ɗigon ruwan da na ɓata wuni a kansa, na ce me ta gani. Ta juya takardar, ta sake juyawa, ta ce albasa. Ta gefenta ta ce a'a, tulu ne marar wuya. Suka yi ta dariya.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na dawo ban ci tuwo ba.

Asabar, 18 Maris

Na daina wahalar da kaina. Anas ya ba ni littafin kamfanin injin, na kwaikwayi abin da duniya ta sani: kibiya don kunnawa, tafin hannu a buɗe don tsayawa. Hannun ya yi kyau, wallahi, har layukan tafi na fitar. Na zagaya da shi buro, ofishin su Anas, sakatare da direba da kowa suka ce ya fito sarai.

Ban koma kasuwa ba. Ba zan sake tsayawa gaban masu kayan miya suna yi mini jarrabawa ba.

Laraba, 22 Maris

An kunna inji. Ruwa ya zubo, mata suka yi guɗa, Inna ta riƙe haɓa tana ta hawaye. Anas ya koya wa Baba Illa sau uku. Tsohon ya danna kibiya ba gardama. Da aka zo kan hannun sai ya tsaya, ya dube ni, ya dubi hannun, Anas ne ya danna. Wasu mata a baya sun rufe baki da gyale.

Na ɗauka kunyar baƙi ce. Amma tun a mota nake ta juya abin a raina.

Juma'a, 31 Maris

Anas ya shigo ko sallama bai ƙarasa ba. Ya je duba inji ya tarar Baba Illa ya ɗaure tsumma a kan maɓallin kashewa. In zai kashe sai ya rufe bututun gazuwal, man injin, ya jira injin ya mutu don kansa. Anas ya ce wannan jiran kaɗai ya isa ya ƙona motar ranar da fitila ta kama, ga zafi ya shigo, ruwa na sauka kullum. Ya tambaye shi dalili, tsoho ya ce a turo masa ɗan Hawa.

Ɗan Hawa, da sunan Inna. Ko Mushe bai ce ba.

Lahadi, 2 Afrilu

Na zo garin. Na same shi a gindin akwatin, na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa a daƙile. Ya kwance tsumman da kansa.

"Ciɗo, wanga mi ne?"

Na ce hannu ne, Baba, yana nufin a tsaya.

Ya ce, "Ɗaga naka haka. Ɗaga mini shi a fuska, ka ware yatsun."

Na fara ɗagawa. Hannuna ya ƙi.

Innalillahi. Daƙuwa. Daƙuwa na zana, yatsu biyar a ware, na liƙa a tsakiyar garinmu, tana kallon duk wanda ya zo ɗibar ruwa. Ni da aka haifa a nan, ni da Inna ta taɓa fasa mini baki don na yi wa wani ita.

Ya ce, "Kullum safe ƙarfe shina zagin uwata, ita ko tana kabari. Kuma ka ce in sa yatsa in taɓa."

A gida Inna ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce dai kwana goma ke nan ba ta je famfo da kanta ba, aike take yi. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Litinin, 3 Afrilu

Na kankare hannun da wuƙa. Yanzu maɓallin ba komai a kansa, kuma kaina ma ba komai. Anas zai zo jibi. Duk sanda injin ya canza ƙara sai in leƙa fitilar.

Talata, 4 Afrilu

Na wuni a inuwar shato, tankin ruwan, da takarda a cinya, ban zana komai ba. Da la'asar na rasa yadda zan yi, na ce, Baba, da kuna jan guga, ta yaya na nesa ke sanin an tashi daga rijiya?

Ya dube ni kamar na tambaye shi sunan garin. Ya ce ai kife ƙwaryar awo ake yi a bakin rijiya. Mace ta hango ta a kife, ta san ba ruwa, ta juya. In tana a buɗe, a zo.

Ya share ƙasa da tafinsa, ya ja layi ɗaya da yatsa, ya ɗora rabin da'ira a kai. Shi ke nan. Na kwafa, na ƙara mata inuwa da ɗan zanen ado a baki. Ya ce in cire, wannan ta amarya ce.

Na cire. Na zana ta biyu a buɗe, na maye kibiyar da ita. Na tare mata bakwai a bakin famfo ɗaya bayan ɗaya, ban yi musu bayani ba. Duk bakwai ɗin suka ce: wannan a zo, wannan an tashi. Ɗaya har ta harare ni don na tambaya.

Laraba, 5 Afrilu

Anas ya ce bai taɓa ganin irinsa a wani littafi ba. Na ce ni ma. An liƙa. Na dawo Tawa.

Asabar, 15 Afrilu

Shiru. Duk motar da ta fito daga Tebaram sai na je tasha.

Alhamis, 20 Afrilu

Fitilar ta kama shekaranjiya da azahar, layi ya kai har masallaci. Direba ya ce Baba Illa yana alwala, ya taso da ƙafa ɗaya a jiƙe ya danna. Anas ya auna motar jiya, lafiyarta ƙalau. Sun jira ruwa ya taru, da yamma aka kunna. Inna ce ta uku a layi, da kanta.

Anas yana so in yi wa ƙauyuka shida na wajen Takanamat. Ya ce in ba shi zanen ranar Litinin, tunda yanzu na gane hannu. Na ce sai dai a kai ni in kwana biyu a kowane gari tukuna. Ba wani abu ba ne, ƙwaryarsu ce ban san kamanninta ba.

A takardar rahoto akwai gurbin sunan mai zane. Na daɗe da biro a hannu. Na rubuta Illa.