Zugar da Kike Ji a Kunne

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya da uwa, Balkinki ce, wadda kika bari da shekara tara. Yau na ninka shekarunki, amma ga ni da tambaya kamar yarinya.

Wace irin ƙara ce kike ji a kunne? Ina tuna ki a farkon shekarun mulkin kai, kina jera bandar kifin tafkin Kalmalo a kwando, sai ki tsaya ki karkata kai, ki ce, "Balki, wa ka zuga wuta cikin kunnen nan nau?" In manna kunnena a naki, in ce ban ji komai ba, mu yi ta dariya.

Kwana ashirin da haihuwar autanki kika tsallake wankan jego na safe, kika bi 'yan kasuwa zuwa Ƙonni don kada banda ta lalace. Washegari kika dafe ƙirji a bakin murhu, kafin azahar kin cika. Matan Illela suka ce sanyi ne ya shige ki, ke kika jawo. Ni kuma na karɓa hannu bibbiyu. Duk 'yar da ta yi mini raki gaban tukunyar ruwan zafi, da labarinki nake tsorata ta.

Watan jiya ciwon ƙirji ya kayar da Ummi, autata, takwararki, bayan ta haihu. Ko wanka ɗaya ba ta tsallake ba, ni na yi mata. Allah Ya yi da sauran kwana. A asibiti likita ta nuna mini hoton jijiyar wuyanta, ƙulli-ƙulli kamar carbi. Ta ce ba kitse ne ya toshe ba. Bangon jijiyoyin ne ba shi da ƙwari, har ta zuciya ta tsage da kanta. Ta ce ya fi samun mata, wani lokaci yakan bi jini. Sai ta tambayi Ummi ko tana jin zuga a kunne. Ummi ta ce tana ji. Inna, zama na yi a ƙasa.

Na tambayi likitar ko ciwon nan ne ya ɗauke ki, ta ce ba ta da tabbas. Ni dai ina son sani. Tare da bugun zuciya zugar ke tafiya? Tsoro kike ji, kika mai da shi wasa saboda ni?

Jiya maƙwabciyata ta aiko in je in ba 'yarta mai jego labarinki, wai ta ƙi wanka. Na je. Na tambayi mai jegon ko tana jin wani abu a kunne ko a ƙirji, sannan na ba ta labarin bandarki da dariyarki.

Na ɗora miki laifi shekara da shekaru, kuma ina jin kunya. Ki yafe mini. Allah Ya haskaka makwancinki, Ya raya takwararki.

Ɗiyarki mai kewarki,
Balki