Fuskar da Ke Ƙarƙashin Ciyaman

Zuwa ga Autata,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikinki, ya maigidan? Ki gaida amaryata, ki ce in haƙoranta ba su fito ba zan sake ta.

Kin sake roƙona in zana miki marigayiya mahaifiyarki, tunda ruwa ya cinye hotunanta. Auta, na gwada. Ni da na yi digiri a kan fuskar mutum, fuskarta ta ɓace mini.

Sau ɗaya na taɓa zana ta da fentin mai. Kina goye wani kamfani ya ba ni aikin hoton Ciyamansu, ga shi ba ni da ƙyallen zane. Ita da kanta ta sauko da hotonta daga bango, ta shafe shi da farin fenti tana dariya, wai ga ta a gida, me zan yi da ta bango. A kansa na zana Ciyaman.

Jiya sakatarensu ya neme ni. Fentin mai in ya tsufa yakan yi shara-shara, na ƙasa ya taso. Na shiga ɗakin taronsu, sai ga idonta na hagu a kumatun mutumin, yana kallona. Masu shara sun daina shiga su kaɗai. Ya ce, "Tsoho, ka rufe mana wannan abin kafin taro." Abin, Auta.

Mahaifinki.

Zuwa ga Autata,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Tarin nan da sauƙi, kada ki damu.

Na roƙa su ba ni hoton in zana musu sabo. Suka ce kayan tarihi ne. Ciyaman ɗin da ko zaman zanen bai iya yi ba sai gyangyaɗi! Na so in ɗauke ta a waya, ba abin da ya fito sai ƙyallin fitila da kumatu. Sai mutum ya tsaya ta gefen taga yake ganinta.

Na ja aikin iya yina ko za ki samu zuwa, da uzurin fenti bai bushe ba. Kullum in zauna gabanta da burushi a hannu. Har gefen bakinta ya fara fitowa, inda take cizawa in tana ɓoye dariya. In na koma gida in zana, sai hannuna ya kawo Ciyaman.

Yau da safe na rufe ta. Sakataren ya yaba, wai hannun tsoho bai mutu ba.

Amma na tsinka fentin da mai sosai, shafa ɗaya na yi. Za ta sake tasowa, ko da ba na nan. Ki riƙa leƙawa, hawa na sama ne, ki ce ke 'yar mai zanen ce. Ki tsaya ta gefen taga. Idan kin gan ta, kada ki nuna wa kowa.

Allah Ya yi miki albarka.

Mahaifinki mai ƙaunarki.