Na Ƙara Ruwa a Maganin Idon Babana

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Ku sakaya sunana, kuma don Allah ku ji ni har ƙarshe kafin ku tsine min, don na riga ku tsine wa kaina.

A unguwar Maamobi nake, ina sayar da koko da ƙosai, ni ke kula da Babana, tsohon ɗan sanda. Hawan jinin ido ya cinye masa ido ɗaya, ɗayan likita ke tarewa da maganin ɗigawa safe da yamma. Yayana ke sayowa daga wani kantin magani a Circle, ni ke ɗigawa. An gaya mana sarai: abin da ciwon nan ya ci ba ya dawowa.

Sai ciwon idon nan mai yaɗuwa, Afolo, ya shigo gidanmu na haya, kowa ido jawur yana zubar da ruwa. Maƙwabciyata Anti Memuna ta tare ni bakin famfo: "Sista, ka ɗiga min maganin Baba kakra, ɗan kaɗan kawai, idona zai fashe." A gidan da muke aron gishiri da garwashin wuta, wa ke cewa a'a? Ni kuma, in faɗi gaskiya, ina son a ce ina da kirki. Na ɗiga mata. Ta warke don lokacin warkewarta ya yi, amma ta baza cewa maganin asibiti ne ya yi aiki. Kafin ka ce me, har daga unguwar Nima ana zuwa, ni kuma na zama likitar layi, ina ɗage fatar idon mutane ina jin daɗi.

Wata rana na girgiza kwalbar na ji saura kaɗan. In ce wa yayana me? Na tafasa ruwa, ya huce, na ƙara. Na ce sau ɗaya ne. Ya ragu na sake ƙarawa, har wata ya shiga wata, duk sanda yayana ya tambaya in ce akwai saura. Baba ya ce maganin ya daina yi masa zafi, lallai sauƙi ya zo. Har zolayata yake, wai hannuna akwai albarka, kwalba ba ta ƙarewa. Ni ma dariya nake yi. Wace irin 'ya ce ni?

Yanzu yana karo da gefen ƙofa. In na ajiye masa koko a damarsa, sai ya yi ta lalube. Alƙur'aninsa ma ya rufe, wai rubutun ya yi ƙanana.

Da muka koma asibiti likita ya auna, ya ɓata rai, ya tambaya ko ana tsallake ɗigawa. Ban buɗe baki ba Baba ya amsa: "Dokta, wannan yarinya bai taɓa mantawa ba. In ka zarge shi, ni ka zarga." Likita ya ce to magani ya gaza kenan, sai aiki a idon da ya rage. Baba, wanda ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba, ya riƙe hannuna har muka hau mota.

Na zubar da ruwan, an sayo sabuwar kwalba, ban ƙara ba kowa ba. Amma likita bai san maganin bai gaza ba, ni ce na gaza. In na yi shiru, za a sa wa Baba wuƙa bisa ƙaryata. In na faɗa, yayana zai ɗauke shi daga hannuna, kuma Baba zai san wadda ya tsaya wa ita ta rage masa gani.

Ranar aikin ta matso. Yau da safe na ɗiga masa, ya runtse ido ya ce ya dawo da zafi, ko na canza magani ne? Jama'a, da wane baki zan gaya masa, me zan yi?