Cukun da Baba Ya Tafasa

Auta,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da yara. Maƙwabcina Tela ne ke rubuta mini, na kuma ce masa yadda na faɗa haka zai sa, kada ya gyara mini magana.

Saƙonki ya iso, roba shida na wannan farin abu mai laushi da kuke kira cuku. Shekara talatin da biyar ina sayar da madara kafin kamfaninku ya kwashe mini masu saye, ke kuma kika bi su kika sa farar riga. Yanzu har kayansu kike turo mini gida. To na gwada shi yadda ake gwada madara: na zuba ruwa na ɗora a wuta. Yana tafasa ya tsinke, ya yi gudaji-gudaji. Madarar da ta tsinke a wuta ta lalace, wannan ba sai an je makaranta ba. Roba uku na gwada, duk haka. Na zubar a kwata.

Uwarki tana nan yadda kika bar ta. Tun da ɓarin jikinta ya shanye ba ta iya tauna. Romo nake ba ta, rabinsa a haɓa yake ƙarewa. Likita ya ce in ta yi ƙasa da kilo arba'in za su ɗauke ta su sa mata tiyo a hanci. Ita kuwa tun tana da baki ta roƙe ni kada in bari ta ƙare a gadon asibiti. Yanzu arba'in da uku take.

Ki gaida yara.
Mahaifinki.

*

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa, ya jikin Mama? Allah ya ba ta sauƙi.

Baba, don Allah kada ka ƙara tafasa shi. Bai lalace ba. Da gangan ake tsinka madarar a tace ruwan, shi ya sa ya yi kauri, kuma an riga an dafa ta tun a wajenmu. In ya ji wuta sosai dole ya rabu.

Maiƙo gare shi da yawa, cokali biyu sun fi kofin romo riƙe jiki. Kuma abu mai ruwa-ruwa shi ke sarƙe Mama, mai kauri ya fi mata sauƙin haɗiya. Ka dafa dankali ka murƙushe, ka sauke daga wuta, in ya sha iska ka juya cokali biyu a ciki. Ka ƙara dafaffen ƙwai, don cukun kaɗai ba ya isa. Da ayaba ma yana tafiya. Ka ajiye a firji, wanda aka buɗe kada ya wuce mako.

Fushinka da ni daban, cikin Mama daban.

'Yarka, Auta.

*

Auta,

Na gaishe ki. Takardarki ta zo, Tela ya karanta mini sau biyu, har yana gyaɗa kai kamar ya taɓa tatsar saniya.

Wato ni za ki koya wa madara? Da kuɗinta aka saya miki takalmin makaranta. Kin ce an dafa a wajenku. Ni ban ga wutar da idona ba, kuma abin da ban dafa da hannuna ba ba zai shiga cikin majiyyaciya ba. Ban taɓa sayar wa kowa abin da ya kwantar da shi ba, ba zan fara da matata ba. Na sake gwada roba ɗaya a wuta kaɗan-kaɗan, don kada ki ce na ƙi jin magana. Ya jima, amma ya tsinke.

Dankalin na yi mata, babu cukun a ciki. Cokali uku ta ci ta kau da kai. An auna ta ranar Talata, arba'in da ɗaya. Zoben hannunta ya faɗo cikin kwano ina wanke mata hannu.

Mahaifinki.

*

Baba,

Barka da ƙoƙari, na san kai kaɗai ke ɗawainiya. An hana ni hutu sai ƙarshen wata. Saura roba biyu a wajenka. In ba ka yarda da ni ba, ka lakata da yatsa ka ci da kanka, ka jira kwana ɗaya. In ya ɓata maka ciki, ba zan ƙara aiko komai ba. Baba, kilo ɗaya ya rage.

Auta.

*

Auta,

Gaisuwa. Sai da na yi kwana biyar kafin na ci. Bai yi mini komai ba. Na jira kwana biyu maimakon ɗaya, sannan na yi mata yadda kika ce. Cokali tara ta ci, ba ta sarƙe ba. Washegari goma sha ɗaya, har da lasar leɓe.

Jiya likita ya zo da sikelinsa. Talatin da tara. Na ce masa ai ta fara ci, su ƙara mana mako. Ya ce da mako biyu da suka wuce ta fara, da ya yarda.

Da za a fita da ita ta kama ƙofar ɗaki da hannunta mai lafiya. Ni na ɓamɓare yatsun.

Ki zo.
Mahaifinki.