Tafinta na Huɗu

Ranar Talata

Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan idon ya yi sauƙi, kuma kana shan magani ba sai an yi rigima da kai ba. Na sauka lafiya. Tunda a wurinka maganar waya iska ce, ga takarda na rubuta, na ɗauki hotonta na tura wa Yaya. Yaya, ka karanta masa duka, ban da tsallake.

Ƙasar tana nan yadda ka bar ta kusan shekara hamsin, benaye kawai ta ƙara. Zafinta mai jiƙa mutum ne, ka fito daga wanka kana neman wani wankan. Kullum ƙarfe uku ruwa yake sauka, kamar ma'aikacin da ke tsoron kora. Kowane bango ya yi kore da gansakuka.

A filin jirgi an ba ni takarda in cike. Akwati huɗu ne na ƙabila, na biyar an rubuta "sauransu". Na daɗe ban ga inda aka fahimce ni haka ba. Duk wani allo a titi harshe huɗu ne a jikinsa, har wanda ya hana zubar da shara. Littafin 'yan yawon buɗe ido ya ce mutanen nan abin misali ne wajen zaman lafiya, kuma gaskiya ban ga ana faɗa ba. Na dai lura a motar haya kowa yana neman kujera kusa da mai kama da shi. Ina zargin rabin zaman lafiyar nan daga rashin jin abin da maƙwabci yake faɗa a kanka ne.

Na ga Mama.

Ɗaki ɗaya ne a saman shagon mai kemis ɗin da ya samo adireshinmu ya rubuto. Gadon ƙarfe, fanka mai kuka, taga guda tana kallon igiyoyin shanya. Ta ƙanƙance, Baba. Shanyewar ɓarin jikin ta tafi da hannunta na dama, ta kuma kwashe duk harshen da ta koya da girmanta: Turanci, harshen kasuwarsu, da namu. Abin da ya rage mata shi ne na mutanen kan dutse da aka haife ta a cikinsu, shi kuwa ba ya cikin huɗun da ke kan allo.

Na durƙusa na ce, "Mama, ni ce, Auta." Ta dube ni, ta dubi jakata, ta miƙo min hannu in auna mata jini. Shekara goma sha biyar ina koyar da ilimin harsuna a jami'a, ga ni gaban uwata ina nuni da yatsa.

Ka ce akwai saƙon da za ka ba ni idan na iso. To, na iso.

'Yarka, kuma uwarka,
Auta

Ranar Laraba

Zuwa ga Uwata,

Bayan sallama da gaisuwa da fatan alheri, ina sanar da ke takardarki ta iso, yayanki ya karanta mini har sau biyu. Na gode wa Allah da Ya kai ki lafiya. Ki kiyayi ruwan saman nan, sau biyu yana kwantar da ni lokacin da nake karatu a can.

Saƙon shi ne, ki ce mata ina roƙonta ta yafe mini. Ba ƙari, ba ragi. Likita ya faɗa wa yayanki wata magana a bakin ƙofa, suna zaton kunnena ya tafi tare da idona. Ba na son in tashi da wannan a wuyana. Ki nemo mai jin harshenta ko a ina yake. Ni kalma bakwai na taɓa iyawa, da su na nemi aurenta, yau ko ɗaya ban riƙe ba.

Allah Ya yi miki albarka, Ya dawo mana da ke lafiya.

Mahaifinki

Farfesa, ni ne, Yayanki. Na rubuta abin da ya ce don ya ce in rubuta. Amma ta yafe me? Matar da ta ce za ta je jinyar ubanta wata biyu, ta share shekara talatin da biyar? Ke shekararki shida, ba abin da kika riƙe. Ni ne nake fita bakin ƙofa da gudu duk lokacin da na ji ƙarar mota. Ni na koyi yi miki kitso, kin kuma san yadda yake fitowa. Ki isar da saƙo ki dawo gida. Ciwon ya kai hanta, likita ya ce makonni ne.

Ranar Asabar

Yaya,

Sannu da jinya, Allah Ya ba da lada. Ka gaida min matarka da yara. Wannan taka ce, layi biyun ƙarshe kaɗai za ka karanta wa Baba.

Na samo tafinta, har biyu, don ɗaya ba ya kai ni. Mai kemis yana jin Turanci da harshen kasuwa. Tsoho ne mai gyararren gemu, irin mutanen da ke goge takalmi kafin su hau bene. Sai mai wankin da ke ƙasan tagar Mama, ƙatuwar mace, sabulu ya cinye mata hannu. Kakarta 'yar kan dutse ce, shi ya sa take jin harshen. Ita take yi wa Mama wanka shekara biyu ke nan, ba wanda ya sa ta. Ƙabilarsu daban, shekara talatin suna maƙwabtaka, bai taɓa shan ruwan gidanta ba. Yana ce mata "waccan". Ita ma tana da sunan da take kiransa, duk sanda ta faɗa sai ta tuntsire da dariya, shi kuma ya ce min ba shi da fassara.

Muka jeru kamar masu miƙa bokiti a gobara. Na ce, "Baba yana roƙo ki yafe masa." Mai kemis ya dafa ƙirji ya yi minti biyu yana bayani, ina jin har da nasa ya haɗa. Mai wanki ta dunƙule shi a kalma uku ta kwarara wa Mama a kunne. Fanka tana ta kuka. Can Mama ta faɗi kalma ɗaya. Ta bi layi ta dawo min:

"Ta ce, wanne?"

Na ce, "Wane mutum take nufi? Ku ce mata mijinta."

Suka sake zagayowa. Mai kemis ya ce, "A'a, ta gane shi, ta ce mai dogon wuyan nan. Tambayarta, wanne daga ciki za ta yafe."

Ina nan tsaye baki buɗe, mai wanki ta jawo kwali daga ƙarƙashin gado ta dire min. Littattafan rubutu ne irin na 'yan firamare, guda tara. Wasiƙu ne, Yaya, da harshenmu, da hannunta. A nan take fara rubutawa ta gyara kuskure kafin ta kwafe ta aika. Ta farko ta ce: "Ubana ya rasu. Na shirya. Ofis ya ce ba za su ba ni takardar shiga ba sai da sa hannun miji. Ka aiko." Ta biyu ma haka. Wata ta fara da "Wannan ta tara ce, ko ba sa zuwa?" A wata ta ce, "Ka ce wa Babban Mutum ya riƙa sa wa ƙanwarsa takalmi, tana taka ƙusa." Na manta ma haka take kiranka. Ta ƙarshe lamba ashirin da uku ce, layi uku, babu kuskure ko ɗaya. Ta gama iya harshen daidai lokacin da ya daina yi mata amfani.

An taɓa karanta maka ko guda?

Ga na Baba: Baba, na isar da saƙo. Ta ce wanne, ni ba ni da amsa, kai ke da ita.

Ƙanwarka,
Auta

Ranar Litinin

Uwata,

Sallama. Na ce wa yayanki ya riƙe alƙalami, kada ya tsaya ko me ya ji.

Ashirin da uku ne, duka sun iso. Suna cikin akwatin da nake ajiye takardun shaidar karatuna. Huɗun farko na buɗe.

Shekara goma sha biyu na yi tsakaninta da dangina. Kullum da ƙarar da za a kawo: ba ta iya gaisuwa ba, ta yi kaza ba daidai ba, in ta buɗe baki a kwashe da dariya. Da ta tafi, gida ya yi tsit, aka daina jana gefe ana mini magana. Na ce bari in huta wata guda kafin in sa hannu. Wata ya zama shekara. Daga nan kunya ta hana ni. Da kuka dame ni da tambaya na ce ita ta ƙi dawowa, domin ya fi sauƙin faɗa. Ba wanda ya tilasta mini. Sa hannu ɗaya ne, ban yi ba.

Ki ce mata wannan ne na farko. Na biyu shi ne abin da na faɗa wa 'ya'yanta. In akwai na uku ita ta san shi, ta haɗa.

Ku ma ban roƙe ku ba tukuna. Ita ce gaba.

Mahaifinki

Auta, ni ne, Yayanki. Na buɗe akwatin. Goma sha tara ba a taɓa su ba. Uku sunana ne a bayan ambulan. Ban iya buɗewa ba. Yana gama magana ya nemi ruwa, na ɗaga kansa na ba shi. Da safe na yi masa wanka kamar kullum.

Ranar Laraba

Yaya,

Ina gaisuwa, kuma ina yi maka sannu, don kai ne ka ji da kunnenka. Wannan ma taka ce.

Jiya muka sake jeruwa. Mai kemis ya rufe shago da rana tsaka, abin da mai wanki ta ce ko ranar da matarsa ta rasu bai yi ba. Wannan karon bai ƙara ko gishiri ba. Da na kai wajen sa hannu ya cire tabarau yana ta gogewa. Mai wanki kuwa da ta ji, ta leƙa taga ta tofar da yawu, ta faɗi wata magana mai tsawo a kan Baba. Mai kemis ya ce min wannan ma ba ta da fassara. Sannan ta zauna a gefen gado ta faɗa wa Mama a hankali, karo na farko da na ji ta yi magana ba da ihu ba.

Mama tana kallon rufi har aka gama. Ruwan ƙarfe uku ya sauko. Sai ta faɗi kalma ɗaya, ta maimaita.

Mai kemis ya juyo fuska a sake ya ce, "Ta ce ta yafe."

Mai wanki ba ta jin Turanci amma tana jin fuska. Ta daka masa tsawa, suka kama gardama, har ya manta ya dube ta ido cikin ido. Da ta ga ba ya isar min da kyau sai ta ɗauko bahon wankinta ta nuna min. Ta ɗora shi a ka, ta sauke, ta faɗi kalmar. Ta yi kamar ta watsar da ruwan dauɗa, ta faɗi kalmar. Ta ajiye bahon a bakin ƙofa ta juya masa baya, ta faɗi kalmar. Ma'anar kalmar ke nan: na sauke. Na zubar. Na bar shi nan, bai isa in ɗauka ba. Na ce a tambaye ta, to in mutum zai ce ya yafe fa, yaya suke cewa? Ta ce ita ce dai, ba su da wata. A fuska ake ganewa.

Rabin fuskar Mama ba ya motsi, Yaya. Ɗaya rabin kuma bango yake kallo.

Yau da safe na sa aka sake tambayarta. Ta ce ai ta ba da amsa.

Akwai wani abu. Ɗazu da iska ta taso na miƙe, ƙafa ba takalmi, zan rufe taga, sai na ji a bayana, da harshenmu, tas: "Sa takalmi!" Na juyo. Ba ni take kallo ba. Ƙofa take kallo, ƙasa-ƙasa, daidai tsayin yarinya 'yar shekara shida. Ita 'yarta ba ta girma ba. Ni wata mata ce mai tabarau da ke zuwa auna jini ba ta taɓa aunawa ba. Na dai sa takalmin.

Ba zan rubuta wa Baba ba. A aji nakan faɗa wa ɗalibai tafinta ba ya zaɓa, yana isarwa ne kawai, suna rubutawa a littafi, ina ba su maki. Mai kemis ya zaɓa, mai wanki ta ƙi, ni na uku na kasa. Ga kalmar nan na miƙo maka yadda take. Kai ne na huɗu, kai ne kuma ka zauna a bakin ƙofa. Abin da ka faɗa masa shi ta ce.

Ƙanwarka,
Auta

Ranar Lahadi

Auta,

Sallama. Na faɗa masa ranar Alhamis. Kalma ɗaya na faɗa. Ya ce in maimaita, na maimaita. Ya ce, "To."

Ya rasu jiya bayan azahar, an kai shi. Allah Ya jiƙansa. Kada ki tambaye ni wacce na zaɓa.

Ki zauna inda kike. Na je neman takardar shiga, sun ce kwana goma, kuma ba sa buƙatar sa hannun kowa. Ki gaida mai kemis. Ki tambayi mai wanki yadda ake cewa "na sa mata takalmin", ki rubuto min da baƙaƙenmu in haddace a hanya.

Yayanki